Cha'ibu Jandarma da Baburin Surukinsa

Kwanan baya wani ma'aikacin lafiya ya tsaya a rumfar Cha'ibu da sabon babur irin na yanzu, wanda ba shi da kafireta. Wai na'ura ce a cikinsa take auna mai tana fesa wa inji, in kana son ƙarin ƙarfi ko ragin sha sai ka kai shi Damagaram a jona masa kwamfuta. Cha'ibu ya zagaya shi, ya sa aka tada, ya kara kunnen nan nasa guda da ya rage yana ji. Da ya gama saurare sai ya ce, "Mai kwamfutar yana tambayarka ina za ka da shi?"

Mutumin ya ce a'a.

"To kar ka ba shi."

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ni ban yi dariya ba. Ni ne Lawali mai faci, rumfata tana jingine da tasa tun muna da baƙin gashi, na kuma san abin da rashin tambayar nan ya taɓa jawo masa.

Cha'ibu ɗan maƙera ne a nan Matameye. Ubansa ya so ya zauna bakin zuga-zugi, amma tun da ya fara cin rani a Kano ya ga cikin inji, garma da lauje suka fita ransa. Rani bayan rani yana komawa gareji ɗaya, damina ya dawo ya taya gida noma, har ranar da ya dawo gaba ɗaya da akwatin ƙarfe cike da sifana da sukudireba. Mu moto muke cewa, shi babur yake cewa, ya yi ta faɗa har ya shafa mana. Siriri ne, marar yawan magana, mai saurin sunkuyar da kai. Faci bai iya ba ko kaɗan, wannan kam na shaida, don sau ɗaya ya gwada ya ɓata mini roba. Amma a kafireta ba shi da na biyu daga nan har Kance.

Kafireta ita ce inda mai da iska suke gamuwa kafin su shiga inji. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfen tagulla mai huda kamar ta allura, jiglar ake ce masa, ta nan man yake bi. In hudar ta yi faɗi, babur ya sha ya ƙoshi ya yi nauyi, ya cika gari da hayaƙi. In ta yi ƙunci, ya yi ƙishirwa, ya yi zafi, in an matsa masa ya ƙone kansa. Aikin Cha'ibu shi ne ya nemo tsakiya, kuma a wurinsa tsakiyar kowa daban ce. Shi ya sa ba ya taɓa babur sai ya titsiye mai shi.

"Ina kake zuwa da shi? Titin gudiro kake bi ko yashi? Kai kaɗai ko da goyo? Me kake ɗaurawa a baya? Da sahe kake tahiya ko da rana tsaka?"

Lokacin soja ke mulki, kowace hanya akwai shinge, kowane shinge akwai mai tambayarka ina za ka, me ka ɗauko. Sai mutane suka ce ga wani shingen an kafa a bakin tasha, suka sa masa Jandarma. Bai damu ba. In ya gama gyara ma ba ya sakin ka. Sai ya hau bayanka ya ce ka ja, ku fita bayan gari inda yashi yake da zurfi, ya kwantar da kai a kafaɗarka yana sauraren inji. Alhazai da malaman lakwal, wato makarantar boko, duk sun goya shi. Wasu suna gunaguni, amma suna dawowa.

Mutum ɗaya ne a duk garin ba zai iya yi wa haka ba, Malam Inusa, uban matarsa Habsatu.

Kowa a nan yana kunyar surukinsa, ni ma ina yi. Ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci gabansa, ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka gaida ƙasa ka tashi. Amma ta Cha'ibu ta wuce misali. In ya hango Malam Inusa a bakin kasuwa, sai ka neme shi ka rasa. Akwai ranar da ya shige rumfata ya tsuguna bayan tayoyi har tsohon ya wuce, na ce masa in ya ƙara zan fara karɓar haya. Ga shi kuma Habsatu ƴar fari ce, uban ko sunanta ba ya kira, maganarsu ba ta wuce gaisuwa. Saboda haka tsakanin mutanen nan biyu babu hanya sai wata ƴar siririya, daga Malam Inusa zuwa matarsa, daga matarsa zuwa Habsatu, daga Habsatu zuwa mijinta. Magana in ta bi ta nan, rabinta ke isa.

Malam Inusa ƙaton mutum ne mai kwarjini. Zamanin gyaɗa shi ke saye a ƙauyuka, lokacin ya sayi jan baburinsa, irin wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin isansi, wato fetur. Yana zaune a gari, amma gonar gadonsu tana can bayan Icirnawa, kuma ba gidansa kaɗai take ciyarwa ba, har da iyalan ƙanensa da ya rasu ya bari a ƙauyen.

Sai ga shekarar fari. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya. Muka koma cin jar dawar taimako da ake rabawa gaban soja, wadda tuwonta ba ya kwana. Mutane da yawa suka cinye irin shukarsu, ba don wauta ba, don yara suna kuka. Malam Inusa bai ci nasa ba. Ya ɗauko buhun iri daga ƙauye ya kawo gari, ya kulle a ɗakinsa, don ya san in ya bar shi can yunwa za ta buɗe shi. Gidansa aka yi ta ramewa a gefen buhun nan, bai kwance bakinsa ba. Duk wanda ya san shi ya san abin da yake jira: ruwan farko mai kyau, ya ɗora buhu ya isa gona, a zuba iri tun ƙasa tana da sanyi. Yashinmu ba ya riƙe ruwa. In ka makara da yini ɗaya, ka makara.

A Najeriya ma soja ne, suka rufe iyaka. Man da muke samu a kwalabe ya yi wuya, sai an bi dare an bi daji da jaki. Duk mai babur magana ɗaya yake kawo wa Cha'ibu, a rage masa sha. Cha'ibu ya tambaye shi, ya auna, ya rage abin da zai ragu, in mutum mai ɗaukar kaya ne ya ce masa ba a taɓawa.

Wata ranar bazara ya koma gida ya tarar da jan baburin a jingine ƙofar gidansa. Malam Inusa ya bari sai da ya tabbata ba ya nan, ya ajiye ya tafi a ƙasa. Saƙon da ya iso bakin Habsatu ke nan: "A ce wa mai gidan a duba shi, yana shan mai."

Da safe ya turo shi rumfa kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Na ce masa, "To Jandarma, yau sai tambayar manya."

Ya harare ni.

Na ce, "Ba wasa nake ba. Ka tambaya ina yake zuwa da shi?"

"Ni in tsaida Baba in tambaye shi ina za shi?"

"Aika Habsatu."

"In aika a tambayi Baba nauyin da yake ɗauka? Lawali, kana da hankali kuwa?"

Ya san amsar ma, kowa ya sani. Amma akwai wani abu bayan kunyar, kuma tunda abokina ne zan faɗa. Wannan ne karo na farko da surukinsa ya nemi wani abu a hannunsa. An ba shi Habsatu lokacin da dangi suke cewa baƙin makaniki ne mai baƙin farce, Malam Inusa ne ya tsaya ya ce a ba shi. Cha'ibu ya so a gani. An ce a rage sha, shi kuwa ya ƙudura zai rage irin ragin da ba a taɓa yi ba a Matameye.

Ƙaramin jiglar babu, iyaka a rufe. Sai ya fere wayar lantarki, ya zaro silin tagulla guda mai kaurin gashi, ya zura a cikin hudar, ya lanƙwasa bakinsa don kar ya fita. Ya ƙara sauke allurar kafireta mai auna yawan man da ke wucewa. Ya tada. Gaskiya a tsaye kukan ya yi daɗi, tsaf, babu hayaƙi. Ya hau ya zaga kan gudiro da sanyin safiya, shi kaɗai, shi da nauyinsa bai fi na ɗan akuya ba. Ya dawo yana murmushi. Ya wanke babur tas, ya tura shi ƙofar gidan Malam Inusa lokacin da ya san ana masallaci, ya jingine ya gudo.

Ba a daɗe ba murmushin ya ƙare. Ranar kasuwa Malam Inusa ya wuce ta gaban tasha. Ni ban ji komai ba sai ƙarar babur. Cha'ibu kuwa sifana ce ta tsaya a hannunsa. Ya ce a hankali, "Ƙishirwa yake ji."

"Wa?"

"Injin. Ka ji yadda yake ƙara ƙarhe-ƙarhe? In ya murɗa sai ya yi shiru kafin ya amsa. Na shaƙe shi da yawa."

"To tashi ka tsaida shi."

Bai tashi ba. Ya sunkuya ya ci gaba da kwance wani ƙusa da ya riga ya kwance.

Ya aika ta hanyar nan tasu, a tambayi Baba yaya babur. Amsa ta dawo: lahiya lau, Allah ya yi albarka, ba ya shan mai. Abin bai tsaya nan ba. Malam Inusa ya shiga yabon aikin a majalisa, yana cewa kwalba ɗaya yanzu tana kai shi inda biyu ba su kai shi da. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa a yi musu irin na Malam Inusa. Cha'ibu ya tambaye su, ya ƙi, su tafi suna cewa ya ware surukinsa ya yi masa na musamman. Kowane yabo in ya iso rumfa sai in ga wuyansa ya ƙara shigewa kafaɗa.

Ni na fara sanin cewa tsohon ya sani. Ƙaya ta soke masa taya a hanyar ƙauye, ya kawo mini, bayan ya leƙa ya ga rumfar maƙwabcina babu kowa. Na kai hannu kusa da inji na janye, zafi kamar tanda. Ƙafafunsa kuma fari fat da ƙura har gwiwa, irin ta wanda ya yi turi.

Na ce, "Malam, moton nan tana ba ka wahala a yashi."

"Zahin rana ne."

"Ka maida wa Cha'ibu ya buɗe mata kaɗan. Aikin shan shayi ne."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In maida masa aikinsa? Ka ce in aika a ce wa mijin ɗiyata bai iya ba?"

"To kai wa Gambo." Gambo shi ne ɗaya makanikin garin, can bakin kasuwa.

"Gobe gari ya ɗauka surukinsa ma ya guje shi. Yi mini faci, Lawali."

Na yi masa faci. Da Cha'ibu ya dawo na kwashe duka na faɗa masa, ban rage ba. Na ce tsohon nan turi yake yi a tudu, yana tsayawa ƙarƙashin itace yana jiran inji ya huce, ga damina ta matso, ga buhu zai ɗora. Raina ya ɓaci sosai ranar. Manya biyu masu gemu, kowa ya san gaskiya, kowa yana lulluɓe ɗan'uwansa, ga silin waya da yatsa biyu za su zare.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya roƙi Habsatu ta ce wa uwarta a turo babur. Habsatu ta ce, "Ni in je gidanmu in ce aikin mijina ya ɓaci, bayan Baba ya gama yabonsa a gari? Ka tahi da kanka." Ranar Juma'a ya sa sukudireba a aljihu ya tafi gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga bakin lungu. Ya durƙusa a zaure, ga jan babur a jingine, in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Malam Inusa yana kan buzu yana kallon bango, shi yana kallon ƙasa. An gaisa, an tambayi iyali, an tambayi zafi, an yi addu'ar ruwa. Ya buɗe baki, sai tsohon ya ce, "Aikin nan an gode. Allah ya yi albarka." Cha'ibu ya ce amin, ya tashi ya fito. Ya dawo rumfa ya zauna, sukudireban ya huda masa aljihu bai ma sani ba.

Ya ce mini, "Juma'a mai zuwa zan faɗa."

Ruwa bai jira Juma'a ba. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya sauka kamar da bakin ƙwarya, har mata suna fitowa tsakar gida suna kuka. Kafin magariba direban wata mota ya kawo labarin cewa wajen Icirnawa ma an samu, ya fi namu. Da gari ya waye na tarar da Cha'ibu yana ɗura sauran man da ya ɓoye a tsohon baburinsa. Ya ce ya je gidan tun da sassafe, ya yi sallama da ƙarfi kamar ba shi ba, aka ce Malam ya fita daga sallar asuba. Ya ɗaura buhun iri, ya ɗaura sungumi, ya ƙara rabin buhun dawa na masu taya shi shuka.

"Hau," ya ce mini. Ni gonata tana bakin gari, ƙannena sun riga sun fita. Na hau.

Hanya cike take da mutane, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwarya a hannu. Muka bar gudiro muka shiga yashi. Jiƙaƙƙen yashi yana riƙe sawu, ga layin tayar jan baburin nan ya nutse saboda nauyi. Muka yi ta bi. A gindin wani dogon tudu layin ya yi karkace, daga nan sai ga sawun takalmi a gefensa.

Cha'ibu ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sawun.

Na zaci sawun zai ci gaba da bin hanya. Bai bi ba. Ya ratse hagu, ya shiga cikin sabara, ya nufi inda babu gona babu gida. Muka bi shi muna turi. Ya yi nisa, nisan da ni mai ƙarfi ba kaya na yi gumi. A wasu wuraren ka ga inda babur ya kwanta aka tada shi, ka ga gurbin gwiwa. Can cikin wani kwari muka same shi, an kwantar da shi, an kakkaryo rassan sabara an rufe shi ruf. Buhun dawa yana ƙarƙashi. Buhun iri da sungumi babu.

Ban fahimta ba da farko. Na ce ko ɓarayi yake tsoro. Cha'ibu ya girgiza kai. Ranar nan rabin Matameye yana kan hanyar nan, kuma babu wanda bai san jan baburin Malam Inusa da wanda ya gyara shi ba. Da ya bar shi a bakin hanya ya ɗauki iri ya wuce, da ya isa gona da hantsi. Sai ya zaɓi ya kashe safiyar shuka yana jan mataccen babur cikin daji don kar a gani.

Cha'ibu ya janye rassan. Ya taka kik, ya ƙi motsi, inji ya kama. Ya kwance buji, wato fulogi, ya ga bakinsa fari kamar toka, alamar ƙarancin mai. Ya buɗe tanki ya tsoma yatsa ya murza, ga santsin baƙin mai nan yadda ya kamata. Ya rufe tankin. Na kau da kai, don kunyarsa ta kama ni ni ma.

Muka koma kan sawun takalmi. Rana ta take tsaka lokacin da muka hango shi a gindin wani gawo, ya jingina da buhu, rawaninsa a cinya. Tsoho mai yunwar shekara guda, ya yi turi, ya ɗauki buhu a ka, ƙafa ta ƙi. Saman yashi ya riga ya fara fari.

Cha'ibu ya kashe inji tun daga nesa, ya cire takalmi, ya tako a zafin ƙasa ya durƙusa. Malam Inusa ya yi sauri ya mayar da rawani. Bai dube shi ba, ni ya duba.

Ya ce, "Lawali, tsuhwa ta kama ni. Mantuwa na yi, ban zuba baƙin mai a isansi ba. Na ƙone moto da hannuna."

Cha'ibu yana kallon ƙasa ya ce, "Baba, akwai baƙin mai. Na duba. Ni ne na..."

"Mantuwa na yi," in ji tsohon, har yanzu ni yake kallo. "Rana tana tahiya."

Babu wata dabara, dole ɗaya ya goya ɗaya. Na ga yadda suka tsaya kowa yana jiran ƙasa ta tsage. Ni na ɗauki buhun irin na ɗora a tsakiyar sirdi, Cha'ibu a gaba kan tanki, tsohon a baya, buhu a tsakaninsu don kar jiki ya taɓa jiki. Malam Inusa ya rungume buhun. Kafin su tashi ya ce mini in na tura moton gida in bi ta bayan gari. Haka na yi, ina turi ina zagin su biyun a zuciyata.

Sun isa bayan azahar. Aka yi ta sara ana zubawa har duhu ya hana, Cha'ibu ma ya karɓi sungumi, bai ɗago ba sai da tafin hannunsa ya fashe. Ba su kai rabin gona ba. Washegari ƙasa ta bushe, tsohon ya tona da yatsa ya ce a tsaya, ba zai zuba iri a wuta ba. Ruwa na biyu ya yi jinkiri. Abin da aka shuka ranar farko ya yi kyau, zangarniya kamar hannu. Na baya ya tashi a makare, ruwa ya ɗauke yana cikin fure. Maƙwabtan gonar da suka fara da hantsi sun cika rumbu. Na Malam Inusa bai kai wuya ba, ga gida biyu suna kallonsa.

Cha'ibu ya sa aka shigo da fistan ta daji, ya tashi injin, ya zare silin wayar, ya daidaita shi yadda ya kamata tun farko. Amma labari ya riga ya zaga gari yadda tsohon ya so. Malam Inusa, mutumin da ko allura ba ya mantawa, ya zama abin tsokana a majalisa. Abokan wasansa in zai tashi su ce, "Malam, an dai zuba baƙin mai?" Ya yi dariya tare da su.

Wannan Cha'ibu ya kasa ɗauka. Wata rana bayan la'asar ya je majalisar da kansa, lokacin da surukin ba ya nan, ya tsaya gaban dattawa, shi da ba ya iya haɗa ido da yaro. Ya ce ba mantuwa ba ce. Ya ce shi ya shaƙe jiglar, ya ji da kunnensa, ya yi shiru har ruwa ya sauka. Ya fito da silin wayar ya nuna. Ina wurin, na ce na shaida.

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Ka ji ɗan halak. Yana ɗaukar laihin surukinsa ya ɗora wa kansa." Wani ya ce Inusa ya yi dacen suruki. Ni kuma aka ce ai abokinsa ne, me zan ce. Suka sa masa albarka, ya juyo da wayarsa a hannu. Ban taɓa ganin mutum ya fito daga wurin yabo da irin fuskar nan ba.

Kafin wata damina hatsin ya ƙare, Malam Inusa ya sayar da jan baburin ya sayi gero ya aika ƙauye. Daga nan har ya rasu a ƙasa yake zuwa gona, ko a kan jakin aro. Bai taɓa canza maganarsa ba, ko ga matarsa. Su biyun kuma ba su sake tada zancen ba, gaisuwar Juma'a ce dai kamar da, ɗaya yana kallon bango ɗaya yana kallon ƙasa.

Wanda ya sayi baburin wani mahauci ne daga Kance. Bai daɗe ba ya kawo shi rumfa a duba masa. Cha'ibu ya gane kukan tun kafin ya shawo kwana. Mahaucin ya sauka yana bubbuga tanki ya ce, "An ce wannan ce tsohon ya ƙone da mantuwa, kai ka tashe ta."

"Bai manta ba. Ni na ƙone ta."

Mahaucin ya yi dariya. "An gaya mini haka za ka ce. Allah ya ba mu suruki irinka."

Cha'ibu ya durƙusa gefen injin, ya daɗe yana goge wurin da ba shi da datti. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ina kake zuwa da shi?"